Darasi na Shida: Hawan Jini da Ƙiba a Tsakanin Yara 'Yan Makaranta

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana ma'anar hawan jini da ta ƙiba, da yadda ake auna kowannensu a jikin yaro;
2. nuna alaƙar da ke tsakanin ƙiba da hawan jini;
3. lissafo abubuwan da ke jawo matsalolin biyu a Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita;
4. faɗin matakan rigakafi da suka rataya a wuyan iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya.

Gabatarwa

An daɗe a ƙasar Hausa ana ɗaukar hawan jini a matsayin ciwon manya, wato ciwon magidancin da ɗawainiyar iyali ta yi wa yawa ko dattijuwar da tunani da ɓacin rai suka addaba, kamar yadda ake ɗaukar ƙibar yaro a matsayin shaidar hutu da wadatar gidansu. Binciken likitoci na shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa akwai gyara a dukkan fahimtar biyu, domin jinin yaro ɗan firamare yana iya hawa ba tare da an ga wata alama a jikinsa ba, kuma ƙiba tana sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo masa hakan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce ƙa'ida, kuma miliyan 160 daga cikinsu sun kai matakin ƙiba mai illa, alhali a 1990 kashi 2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru ne kawai ke wannan mataki, kafin adadin ya kai kashi 8 cikin 100 a 2022.

A Jihar Jigawa tamowa ce matsalar da aka fi sani, kuma da dalili, tun da binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a lokacin da adadin na Najeriya baki ɗaya yake kashi 37 cikin 100. Wannan hali bai kare yaran jihar daga hawan jini ba, hasali ma, kamar yadda za a gani nan gaba, yaron da ya taso cikin ƙarancin abinci sannan ya yi ƙiba daga baya ya fi shiga haɗari fiye da wanda ya samu isasshen abinci tun daga ciki. Saboda haka abin da darasin yake son kafawa shi ne cewa lafiyar yaro a wannan fanni awo ne ke tabbatar da ita, domin kallon ido yana yaudarar iyaye ta fuska biyu: yana nuna musu mai ƙiba a matsayin lafiyayye, kuma ba ya nuna musu hawan jini ko kaɗan.

Ma'anar hawan jini

Zuciya tsoka ce da ke matsewa tana sakewa ba dare ba rana, tana tura jini cikin jijiyoyi zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da sauran sassan jiki. Ƙarfin da jinin yake danna bangon jijiyoyi da shi yayin da yake gudu shi ne abin da ake aunawa idan an ce an gwada jinin mutum. Manomin rani ya san cewa idan aka ƙara wa injin ban ruwa wuta, ko aka matse bakin tiyo, ruwan da ke ciki yana ƙara ƙarfi har tiyon ya fara tsatsa ko injin ya gaji. Haka al'amarin yake a jiki, domin yawan jini ko ƙuntatar jijiyoyi yana tilasta wa zuciya aiki fiye da kima, kuma jijiyoyin suna lalacewa sannu a hankali.

Sakamakon awo yana zuwa da lambobi biyu, misali 110 bisa 70. Lamba ta sama tana nuna ƙarfin jini a lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma tana nuna ƙarfinsa a lokacin da ta saki tana cika da jini, kuma ana lissafa su da milimita na zaiba, saboda na'urorin farko da zaiba suke aiki. Ga babban mutum, Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce hawan jini, idan an same shi a ranaku biyu daban-daban.

Ga yaro lissafin ya bambanta, domin jininsa yana ƙaruwa da ƙaruwar shekarunsa da tsayinsa, ta yadda awon da yake daidai ga ɗan shekara 15 zai iya zama hawan jini ga ɗan shekara 6. A bisa ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2017, waɗanda likitoci a ƙasashe da dama suke aiki da su, yaron da bai kai shekara 13 ba ana kwatanta awonsa da jadawalin sa'o'insa masu jinsi ɗaya da tsayi ɗaya, kuma idan awon nasa ya faɗa cikin biyar mafi sama a cikin kowane ɗari, har sau uku a lokuta daban-daban, to yana da hawan jini. Daga shekara 13 zuwa sama ana amfani da lambobi tsayayyu: ƙasa da 120 bisa 80 lafiya ne, 120 zuwa 129 a sama tare da ƙasa da 80 a ƙasa gargaɗi ne, 130 bisa 80 zuwa 139 bisa 89 matakin farko ne na hawan jini, 140 bisa 90 zuwa sama kuma mataki na biyu ne.

Yadda ake auna jinin yaro

Awo ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, domin gudu, kuka, tsoron allura ko ganin ma'aikacin asibiti kawai suna iya ɗaga jinin yaro na ɗan lokaci. Ƙa'ida ita ce yaron ya zauna shiru na minti uku zuwa biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, a ɗaura masa ƙyallen na'urar a damtsen hannun dama, hannun kuma a ɗora shi daidai da tsayin zuciya. Girman ƙyallen yana da muhimmanci ƙwarai: faɗin jakar iskar da ke cikinsa ya kamata ya kai kashi 40 cikin 100 na kewayen damtsen, tsawonta kuma ya zagaye kashi 80 zuwa 100 na damtsen. Ƙyallen da ya yi wa hannu ƙanƙanta yana ba da lamba sama da gaskiya, wanda ya yi yawa kuma yana ba da lamba ƙasa da ita, don haka na'urar da uba ya saya don kansa ba lallai ta dace da hannun ɗansa ba. Shawarar likitoci ita ce a riƙa auna jinin kowane yaro sau ɗaya a shekara daga shekara uku, a kuma auna na mai ƙiba, mai ciwon ƙoda ko mai ciwon siga duk lokacin da ya je asibiti.

Ma'anar ƙiba da yadda ake gane ta

Ƙiba a fannin lafiya ita ce taruwar kitse a jiki har ya kai ga cutarwa, kuma tana faruwa ne idan ƙarfin da jiki yake samu daga abinci ya daɗe yana fin wanda yake ƙonawa wajen girma da motsi. Ana gane ta da ma'aunin nauyi bisa tsayi, wanda ma'aikatan lafiya suke taƙaitawa da haruffan BMI. Ana samun sa ta hanyar ninka tsayin mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. Ga babba, sakamakon 25 zuwa sama yana nufin nauyi ya wuce ƙa'ida, 30 zuwa sama kuma ƙiba ce mai illa.

Ga yara masu shekara 5 zuwa 19 ana duba sakamakon ne a jadawalin girma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007, wanda ya ware na maza da na mata. Misali, yaro namiji ɗan shekara 10 mai tsayin mita 1.4 da nauyin kilo 45: idan aka ninka 1.4 da 1.4 za a samu 1.96, idan kuma aka raba 45 da 1.96 za a samu kusan 23. Da babba ne da sai a ce nauyinsa daidai yake, amma a jadawalin, ɗan shekara 10 da ya wuce 18.5 nauyinsa ya yi yawa, wanda ya wuce 21.4 kuma ya shiga ƙiba mai illa, don haka wannan yaro yana buƙatar kulawa. Wajibi ne kuma a bambance ƙiba da kumburi, domin yaron da tamowa ta kumbura masa ƙafafu, ko wanda ciwon ƙoda ya kumbura masa fuska da ciki, ruwa ne ya taru a jikinsa, kuma idan aka danna ƙafarsa da yatsa wurin yakan lotsa ya ɗauki lokaci kafin ya dawo.

Alaƙar ƙiba da hawan jini

Ƙiba tana ɗaga jini ta hanyoyi da dama da ke aiki tare. Da farko, jikin da ya ƙaru yana buƙatar ƙarin jini, sai zuciya ta riƙa tura mai yawa a kowane bugu. Na biyu, kitse, musamman na ciki, yana fitar da sinadarai da ke zaburar da jijiyoyin da ke sa zuciya sauri da matse hanyoyin jini, yana kuma sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa maimakon ta fitar da su ta fitsari. Na uku, jikin mai ƙiba yakan daina jin umarnin insulin, wato sinadarin da ke shigar da siga daga jini zuwa tsoka, sai jiki ya riƙa samar da shi da yawa, wannan kuma yana ƙara riƙe gishiri, yana share hanya ga ciwon siga. Baƙi mai kauri da ke fitowa a bayan wuya ko a hammata, wanda wanka ba ya fitar da shi, yakan zama alamar wannan hali. Na huɗu, kitsen wuya yana ƙuntata hanyar iska a lokacin barci, har yaro ya riƙa minshari da ɗaukewar numfashi, abin da ke hana jini sauka da dare kamar yadda ya kamata.

Alƙaluma sun tabbatar da wannan alaƙa. Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa, ya nuna cewa kusan yara 4 cikin 100 a duniya suna da hawan jini, amma adadin ya tashi daga kusan 2 cikin 100 a tsakanin masu daidaitaccen nauyi zuwa kusan 15 cikin 100 a tsakanin masu ƙiba. Wani nazarin na 2017 da ya taƙaita ga nahiyar Afirka ya samu hawan jini a jikin kashi 5.5 cikin 100 na yara da matasa, ya kuma nuna cewa a tsakanin masu ƙiba ya ninka na sauran kusan sau shida.

Halin da ake ciki a Dutse da kewaye

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta tashi daga mazaunin masarauta da ƙaramar hukuma ta zama babban birnin jiha, ta cika da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, sannan kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya ƙara mata jama'a da shaguna da wuraren sayar da abinci. Da wannan sauyi rayuwar yara da yawa ta canja. Yaron ƙauye a Kiyawa, Buji, Miga ko Gwaram har yanzu yakan taka zuwa makaranta, ya ɗebo ruwa, ya yi kiwo, ya taya aikin gona da damina, amma takwaransa na sababbin unguwannin Dutse sau da yawa a mota ko babur ko adaidaita sahu ake kai shi, ya zauna a aji har azahar, ya koma Islamiyya da yamma, da dare kuma ya zauna gaban talabijin ko waya. Zafin bazara, wanda yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, da gidajen da aka kewaye da katanga ba tare da filin wasa ba, suna ƙara rage motsi, musamman ga 'yan mata da aka fi tsarewa a gida da zarar sun fara tasawa. Binciken da aka yi a makarantun Najeriya ya sha nuna cewa ƙiba ta fi yawa a birane da makarantun kuɗi fiye da karkara da makarantun gwamnati.

Abinci ma ya canja. Kuɗin tara da ake ba yaro da safe yakan ƙare a biskit, alawa, cincin, fanke, tuwon madara, lemon kwalba ko zoɓon da aka cika wa siga, kuma taliyar leda da ake dafawa cikin 'yan mintuna ta zama kalacin gidaje da yawa saboda sauƙinta. Waɗannan kayayyaki ba su tsaya a birni ba, domin ana samun su a shagunan ƙauyuka da manyan kasuwannin mako irin na Shuwarin da Sara. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da siga kusan giram 35, wato kimanin cokalin shayi tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sigan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu a yini, kuma ya fi kyau ya tsaya a kashi 5, wato kusan cokali shida ga babba. Yawan sigan nan yana cikin abin da ya sa dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zuba wa siga a Najeriya.

Gishiri kuwa yana shiga tukunya ta ƙofofi da yawa ba tare da mai girki ta lissafa ba. Sinadarin da ke ɗaga jini a cikin gishiri shi ne sodiyam, kuma yana nan a dunƙulen miya, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da farin magi, da kanwar da ake sa wa ɗanwake da wake, da yajin da ake barbaɗa wa awara da tsire, da ƙullin kayan ɗanɗanon da ke cikin taliyar leda. Ƙa'idar da aka gindaya wa babba ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika cokalin shayi ɗaya ba idan an haɗa duk abin da ya ci, rabon yaro kuma bai kai haka ba.

Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a wannan yanki shi ne haɗuwar tamowa da ƙiba a al'umma ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, wani lokaci ma a jikin mutum ɗaya a matakai biyu na rayuwarsa. Tun a shekarun 1980 likitan nan na Ingila, David Barker, ya nuna cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kamuwa da hawan jini da ciwon zuciya idan sun girma. Daga cikin dalilan akwai cewa ƙananan matatun da ke cikin ƙoda suna gama samuwa ne kafin haihuwa, don haka jaririn da mahaifiyarsa ba ta samu isasshen abinci ba, ko wanda aka haifa bakwaini, yakan zo da matatu kaɗan, kuma ba sa ƙaruwa daga baya. Idan irin wannan yaro ya tsumbure, sannan a shekarun makaranta ya samu abinci mai yawan mai da siga da gishiri, nauyi zai hau kan gajeren jiki da ƙodar da ƙarfinta ya gaza. Ke nan ciyar da mai juna biyu, zuwa awon ciki da shayar da jariri nonon uwa zalla na wata shida suna cikin rigakafin hawan jinin da ka iya bayyana shekaru goma ko ashirin daga baya.

Hawan jinin da ba ƙiba ce ta jawo shi ba

Siririn yaro ma yana iya samun hawan jini, kuma idan yaron bai kai shekara shida ba, ko jinin ya hau sosai, likita yakan nemi wani ciwo da ke ɓoye. Ciwon ƙoda shi ne kan gaba. Ƙuraje masu ruwa, ƙazuwar da ta yi miki ko ciwon maƙogwaro suna iya haifar da kumburin ƙoda mako ɗaya zuwa 'yan makonni bayan sun lafa, sai a ga fuskar yaro ta kumbura da safe, fitsarinsa ya ragu ya yi launin baƙin shayi. Tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka da kamun kifi a kududdufai da madatsun ruwa irin na Warwade, tana iya toshe hanyar fitsari ta lalata ƙoda idan ta daɗe ba a yi magani ba, haka ma ciwon sikila yana taɓa ƙoda. Akwai kuma yaran da ake haifa da ƙuntatar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, da masu matsalar wasu ƙullutai na jiki da ke fitar da sinadarai, da waɗanda suka gaji saurin kamuwa daga iyaye.

Magunguna ma suna cikin sanadi. Ƙwayoyin sa ƙiba da wasu 'yan mata ke saya ba tare da takardar likita ba sau da yawa suna ɗauke da sinadarin sitiroyid irin su deksametason, wanda ke kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da bayan wuya, ya ɗaga jini da siga, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wasu mayukan bilicin suna ɗauke da irin wannan sinadari, kuma yana ratsa fata ya shiga jini, musamman fatar yaro da ba ta yi kauri ba. Wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan ƙwayoyi bai kamata ya yanke su lokaci ɗaya ba, likita ne zai tsara masa yadda zai rage su a hankali.

Alamomi da illoli

Yawancin yaran da ke da hawan jini ba sa jin komai, suna wasa suna karatu kamar kowa, shi ya sa ciwon yakan shekara da shekaru ba a gano shi ba. Idan jinin ya hau ƙwarai ana iya ganin ciwon kai mai tsanani, amai, dishi-dishin gani, haɓo, karkacewar baki, ruɗewa ko jijjiga, kuma duk yaron da ya nuna irin waɗannan alamomi, musamman tare da kumburi ko canjin fitsari, asibiti za a kai shi nan take.

Illar da ta fi yawa ita ce wadda ke taruwa a ɓoye. Bangon zuciya yana yin kauri saboda yawan aiki, jijiyoyi suna taurara, ƙoda da idanu suna taɓuwa. Wani dogon bincike da aka fara a garin Bogalusa na Amurka a farkon shekarun 1970, inda aka bi dubban yara har suka girma, ya nuna cewa lalacewar jijiyoyi tana farawa tun ƙuruciya, kuma yaron da jininsa ke sama yakan zama babba mai hawan jini. Haka nan kusan kashi 80 cikin 100 na matasa masu ƙiba suna ɗorewa da ita har girma. A ƙasa irin Najeriya, inda kusan babba ɗaya cikin uku yake da hawan jini, wannan yana nufin ƙarin masu shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya da masu buƙatar wankin ƙoda tun suna tsakiyar ƙarfinsu. Ƙiba tana kuma jawo ciwon gwiwa da ƙugu, kitse a hanta, da tsangwamar abokai da ke sa yaro ya janye daga wasa, janyewar kuma ta ƙara masa nauyi.

Rigakafi da magani

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gida ne wurin farko. Abincin da aka gada, wato tuwon gero ko dawa da miyar kuka ko kuɓewa, dambu, kwaɗon zogale da rama, wake, gyaɗa, riɗi, fura da nono marar siga da yawa, ya fi dacewa da jikin yaro fiye da na leda, domin yana ƙosarwa, kuma ganye da wake da 'ya'yan itace suna ɗauke da sinadarin fotasiyam da ke taimaka wa ƙoda fitar da gishiri. Mangwaro, gwaiba, kankana, goruba, magarya da 'yan ƙwayoyin dabinon da Dutse ta shahara da shi suna iya maye gurbin alawa da biskit, ruwa kuma ya maye gurbin lemo. Mai girki tana iya rage dunƙule da gishiri kaɗan-kaɗan har harshen iyali ya saba, ta ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa don ɗanɗano. Gyaran ya kamata ya shafi tukunyar gida gaba ɗaya, domin ware wa yaro abinci shi kaɗai ko yi masa ba'a da ƙibarsa ba ya haifar da ɗa mai ido. Ba a kuma hora yaro da yunwa, tun da yana kan girma, kuma sau da yawa ya isa a tsayar da nauyinsa wuri ɗaya har tsayinsa ya cim masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara masu shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 a kowace rana na motsin da ke sa haki da gumi, kuma ƙwallo, langa, tsallen igiya, 'yar gala-gala, gaɗa, hawan keke da tafiya makaranta a ƙasa duk suna cika wannan sharaɗi, musamman da sanyin safiya ko bayan la'asar. Barci ma yana da nasa rabo: awa 9 zuwa 12 ga masu shekara 6 zuwa 12, awa 8 zuwa 10 ga matasa, domin ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Makaranta tana da hurumi a ƙarƙashin manufar kiwon lafiyar makarantu ta ƙasa ta 2006, wadda ta tanadi duba lafiyar ɗalibai. Shugaban makaranta da kwamitin iyaye da malamai suna iya kare lokacin wasanni daga cinyewar darussa, su samar da ruwan sha mai tsabta, su tattauna da masu talla a bakin ƙofa kan abin da suke sayarwa, su kuma gayyaci ma'aikatan lafiya su auna tsayi da nauyi da jinin ɗalibai sau ɗaya a shekara, misali a ranar 17 ga Mayu da aka ware don hawan jini a duniya.

Yaron da awonsa ya nuna hawa za a sake auna shi a cibiyar lafiya ta matakin farko, idan ya tabbata a tura shi Babban Asibitin Dutse, Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko Babban Asibitin Jahun, inda za a gwada fitsari da jini, a duba ƙoda da zuciya gwargwadon buƙata. A matakin farko likita yakan fara da gyaran abinci da motsa jiki na wasu watanni, sai idan hakan bai wadatar ba, ko jinin ya kai mataki na biyu, ko akwai ciwon ƙoda ko siga, sannan ya rubuta magani daidai da nauyin yaron. Bai halatta a ba yaro ƙwayar hawan jinin mahaifinsa ko kakarsa ba, kuma jiƙe-jiƙe da sassaƙe ba sa maye gurbin awo, wasunsu ma suna ƙara wa ƙoda lahani.

Taƙaitawa

Hawan jini yana kama yara, galibi ba tare da alama ba, kuma ƙiba tana ninka haɗarinsa sau da yawa. Ana gane matsalolin biyu ta hanyar awo da kwatanta sakamako da jadawalin shekaru da jinsi. A Dutse da kewaye, raguwar motsi da yawaitar siga, mai da gishiri suna haɗuwa da tamowar farkon rayuwa, yayin da ciwon ƙoda da ƙwayoyin sa ƙiba suke jawo hawan jini ta wata hanyar. Rigakafi yana farawa daga ciyar da mai ciki, ya biyo ta tukunyar gida da filin wasa, ya kai ga awon shekara-shekara.

Tambayoyi

1. Mene ne lambobi biyu na awon jini suke nunawa?
2. Me ya sa ba a yanke hukuncin hawan jini da awo ɗaya?
3. Yarinya tana da tsayin mita 1.5 da nauyin kilo 54. A lissafa ma'aunin nauyinta bisa tsayi, a kuma faɗi abin da ake buƙatar sani kafin a ce tana da ƙiba.
4. A kawo hanyoyi uku da ƙiba ke ɗaga jini.
5. Ta yaya ake bambance ƙiba da kumburi?
6. Me ya sa yaron da ya tsumbure yake cikin haɗari idan ya yi ƙiba daga baya?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya rubuta duk abin da wani yaro ɗan makaranta na gidansu ya ci ya sha a cikin kwana uku, ya ja layi ƙarƙashin masu siga da masu gishiri, ya ƙiyasta mintocin da yaron ya yi yana wasa a kowace rana, sannan ya kawo sakamakon aji domin a tattauna sauye-sauye biyu da gidan zai iya yi ba tare da ƙarin kashe kuɗi ba.